Raɓawa, Mutanen Tafkuna Tara: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da labarin da nake rubutawa ya kai inda wani ɗan fatake ya ɓata hanya ya faɗa ƙasar Raɓawa, tambayoyin masu karatu suka yi mini yawa, kuma yawancinsu iri ɗaya ne. Na ga gara in tara su wuri guda in amsa. Raɓawa dai ƙirƙira ce, kada wani ya ɗauki taswira ya shiga nemansu. Amma itatuwa da tsuntsaye da kifayen ƙasarsu duk namu ne na gaske, kuma duk inda na ambaci wani gari ko wata shekara ta duniyarmu, zan nuna a fili. Ba zan tona abin da ke gaba a labarin ba.

Su wane ne Raɓawa, kuma ina suke zaune?

Al'umma ce ƙarama, ba su kai mutum 6,000 ba, suna zaune a wata ƙatuwar fadama da ke tsakanin rairayin arewa da kurmin kudu. Kogi ɗaya ne ke shayar da ita. Idan kaka ta yi, kogin ya kawo, fadamar kan zama ruwa iya ganinka, ƙauyukansu kuma su koma tsibirai a kan tuddai, sai da kwalekwale ake kai gaisuwa. Idan rani ya tsananta ruwan ya ja baya, tafkuna tara ne kawai ke saura, da su ake rayuwa har bazara.

Gida uku suka kasu. Gidan Gawo su ne manoma, su ke da gero da shinkafar fadama da wake. Gidan Bado masunta ne. Gidan Amya kuwa su ke da zuma da kakinta da sanin saiwoyi da sassaƙe. Ɗakunansu na kara ne da jinkar shuci, ba sa gina katanga, zana kawai suke kewayawa, domin ƙasar da ruwa ke ziyarta duk shekara ba ta riƙe ginin laka.

Mutane ne ko aljanu?

Mutane ne. Suna jin yunwa, zazzaɓi na kayar da su, suna tsufa su mutu. Ba su da fukafukai, ba sa ɓacewa. Abin da ya sa ɗan fataken ya zaci aljanu ne, da asuba ya fara ganinsu, suna tafiya cikin hazo ba takalmi, ba mai magana, kowa da ɗan ƙoƙo yana tara raɓa daga ganyen bado don haɗa maganin ido. Wanda ya kwana uku da ƙishirwa, komai ya gani zai iya kiransa aljani.

Malama, me ya sa ba sa faɗa? Haka aka halicce su da sanyin hali?

A'a, kuma wannan ce tambayar da na fi son a yi mini. Ba na son irin labarin da za a ce wata al'umma tana zaune lafiya don kawai jininta mai sanyi ne. Baraɓe yana da zuciya irin ta kowa. Yana kishi, yana ƙyashi, yana iya kwana da mutum a rai shekara goma. Abin da ya hana su zubar da jinin juna tsari ne da kakanninsu suka ɗaure su da shi bayan sun ɗanɗana kuɗarsu.

Tsarin kuwa shi ne, babu gidan da ke riƙe da mabuɗin abin da yake ci. Manomi ba ya sare itace, ko da a tsakiyar gonarsa yake, sai dattijuwar Gidan Bado ta zo ta gani ta yarda. Masunci ba ya jefa koma a tafkin da aka rufe sai Gidan Amya sun buɗe shi. Mai zuma kuma ba ya hawa ya sauke amya sai manomi ya tsaya a gindin itacen ya shaida cewa an bar wa ƙudan rabonsu. Dalili a fili yake. Wanda zai ci riba idan an sare, bakinsa ba ya iya cewa a bari. Masunciya kuwa ba ta da abin da za ta samu a gungumen marke, amma ta san idan aka aske bakin tafki, laka za ta cike shi, ƙarfasa ta ƙaura.

To ka ga kowa yana hannun wani. Wanda ka zaga yau, gobe shi za ka je ka durƙusa wa ya buɗe maka tafki. Ga shi kuma doka ce ba a aure cikin gida ɗaya, don haka wanda zai hana ka sare itacen, ƙila kawunka ne ko surukarka. Sannan na ɗora musu wasan barkwanci tsakanin gidajen uku, irin wanda muka sani tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. Masunci na iya tsayawa a bainar jama'a ya ce wa manomi rowarsa ta kai ya ƙirga ƙwayar gero kafin ya ba kaza, a yi dariya, maganar kuma ta isa inda aka aike ta. Rabin rigingimunsu a nan suke mutuwa.

Mece ce igiyar da ake ta ambata a labarin?

Igiyar bashi ke nan. Kowane ƙauye yana da doguwar igiyar kaba da ake ratayewa a rumfar tsakiyar gari, akwai kuma mai kula da ita, ana ce da shi ko ita Mai Igiya. Duk wanda aka yarda ya sare itace, sai a yi ƙulli a igiyar, a soka wani ɗan abu da ke nuna gidansu: ƙayar kifi, ko zangarniyar gero, ko ɗan dunƙulen kaki. Ba a kwance ƙullin sai itacen da ya raina a madadin wancan ya fi shi tsawo. A lura, ban ce wanda ya shuka ba. Shuka ba ta da wuya, kowa na iya tona rami. Raino ne aiki: ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka ɗauko ruwa a tulu cikin zafin bazara, ka rage masa rassa, shekara huɗu ko biyar.

Idan mutum ya mutu da ƙulli, 'ya'yansa ne ke gadonsa, kuma sai an kwance kafin a raba ko da fartanya. Shi ya sa idan za a nemi aure, kafin a tambayi asali sai a aika wata gwaggo ta je ta leƙa igiya a ɓoye. Gidan da ƙullinsu ya yi yawa, 'ya'yansu maza kan daɗe a gwauranci.

Wa ke mulkinsu?

Ba su da sarki. Dattawa ne ke zama, uku daga kowane gida, maza da mata, a gindin babban gawon ƙauye. Suna kiran wannan Zaman Inuwa, kuma dokarsa ita ce ba a yin sa sai gawo yana da inuwa. Wanda ya taso a karkara ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowane itace ke kore shar, shi zubar da ganyensa yake ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ganye. Saboda haka duk damina babu shari'a a ƙasar Raɓawa. Wanda aka ɓata wa rai a watan shuka, sai ya haɗiye ya je ya yi noma, wataƙila ma kafaɗa da kafaɗa da wanda ya ɓata masa a wurin gayya. Kafin gawo ya yi ganye, ƙararraki da yawa sun narke da kansu. Sabuwar shekararsu ma daga ranar da aka ga tohon farko a babban gawo take farawa.

Kada wannan ya burge ku da yawa. Matar da mijinta ke cutar da ita tun farkon damina, ita ma jira za ta yi wata huɗu ko biyar. Abin da kawai aka yarda ta yi shi ne ta koma ɗakin uwarta. Masu ƙarfi sun san wannan giɓin sarai, kuma akwai masu ajiye muguntarsu sai shamuwa ta iso, don sun san ba mai tuhumarsu sai kaka.

Wane hukunci suke yi wa mai laifi?

Ƙaramin laifi, aiki: ka yashe magudana, ko ka yi wa wanda ka cuta noma. Wanda ya fi wannan, a ɗora maka shiru, wato wata guda ba mai kiran sunanka, ba mai amsa maka sallama, amma kullum za ka tarar da tuwonka a ƙofar ɗaki. Babban laifi kuwa, kamar kisa ko zuba guba a tafki, ƙetarwa ake yi. A sa mutum a kwalekwale da goran ruwa ɗaya da guzurin kwana uku, a sauke shi a gaɓar arewa, a juyo.

Raɓawa suna alfahari cewa ba su taɓa zartar da hukuncin kisa ba. Ni da na ƙirƙire su ban yarda da wannan alfaharin ba. Gaɓar arewa rairayi ne, rijiya mafi kusa tafiyar kwana shida ce. Sun san lissafin.

Idan aka kawo musu yaƙi fa? Tsayawa za su yi a yanka su?

Ba sa tsayawa, ba sa kuma ɗaukar makami. Ƙasar ce garkuwarsu. Sun haƙa magudanai da madatsan kara da laka tsakanin tafkunan, waɗanda a dare ɗaya za a iya fasa su hanyar shiga ta koma taɓo. Doki mai ɗauke da lifidi da mahayi ba ya taku goma a irin wannan wuri. Hatsinsu ba duka ke rumbu ba, kashi ɗaya cikin uku yana cikin randuna da aka toshe bakinsu da kaki aka nutsar a ƙasan tafki, Gidan Bado kaɗai suka san inda suke. Mutane kuma sai su watse cikin kyauro a kwalekwale, yara a kwance a ciki an rufe su da ganye. Wannan dabarar suna cewa daga gaiwa suka koye ta, kifin nan da kan shige cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ya yi kwance har wata damina.

Ban da ɓuya, akwai saye. Kowace shekara suna aika zuma da magunguna ga sarakunan da ke kewaye da su, a bakinsu kyauta ce, a bakin sarakunan gandu. Kowa ya riƙe sunan da ya yi masa daɗi.

Dabarar ba kullum take ci ba. A tarihinsu akwai shekarar da kogi bai kawo ba, babu ruwan da za a saki, mahara suka shigo a kan busasshiyar ƙasa suka kwashe ƙauye guda. Har yanzu tudun yana nan ba kowa, ba a noma shi, ba a kuma son ambatonsa. Jikokin waɗanda suka tsira su ne samarin da kuka fara gani a labarin suna fiƙe sanduna a ɓoye. Suna da hujja, kuma ban yi niyyar mayar da su mugaye ba. Wanda aka ɗaure kakarsa da igiya aka ja ta, ba ka zuwa masa da karin maganar zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Suna cin nama?

Suna ci. Kifi ne abincinsu na kullum: tarwaɗa, ƙarfasa, banda da ɗanye. Suna kiwon awaki da zabi, suna yankawa a suna ko biki. Abin da ba sa yi shi ne farauta da damina, lokacin da namun daji ke da ciki ko goyo, kuma ragarsu mai faɗin ido ce, duk kifin da bai kai tafin hannu ba zai wuce. Akwai waɗanda ba a taɓawa sam: shamuwa, gauraka da ayu.

Son da suke yi wa daji ba irin na mai kallo daga nesa ba ne. Idan tsuntsayen jan-baki suka sauko wa shinkafa, yara ne ke kwana a kan rumfa suna kaɗa ƙwarya da duwatsu a ciki, waɗanda aka kama da tarko kuma a soye su a ci. Dorina idan ta matsa wa gona, rami ake haƙa mata a kewaye. Sauro kuwa ban sami Baraɓen da ya taɓa yi masa waƙa ba, hayaƙi suke turara masa kamar kowa.

Miyarsu kuka ce da yakuwa da daddawa, da man kaɗe. A shekarar yunwa, saiwar bado da 'ya'yanta ne ke riƙe su, sai muruci da goriba da aduwa.

Anti, gaskiya itatuwa suke bauta wa?

Ba sa bauta wa itace, ba sa yi masa yanka, ba sa roƙonsa komai. Duniyar labarin ba tamu ba ce, don haka ban sa musu sunan wani addini da muka sani ba. Sun yarda da Mahalicci ɗaya, kuma sun ɗauka ƙasa amana ce da za a tambaye su a kanta. Girmamawar da suke yi wa gawo irin wadda ake yi wa maƙwabci mai amfani ce: ganyensa taki ne, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa domin ba ya tare masa rana da damina, 'ya'yansa kuma su ke ciyar da awaki lokacin da ciyawa ta ƙare.

Akwai sihiri a cikinsu?

Abu ɗaya ne tak, shi ma ba koyonsa ake yi ba. A kowane zamani akan haifi yara biyu ko uku masu jin ruwa. Irin wannan yaro idan ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, yakan ji inda ruwa ke tafiya a ƙarƙashi, ya kuma san ko kogi zai kawo bana tun ana sauran wata biyu. Sai dai gwargwadon yadda jin ruwan ke ƙaruwa, haka jin muryar mutane ke raguwa. Kafin ya kai shekara 40 ya kurmance ga kowa. Shi ya sa uwar da ta ga ɗanta yana yawan kwanciya da kunne a ƙasa ba guɗa take yi ba. Wasu ma ɓoyewa suke, su riƙa ɗora yaron a kan gadon kara mai tsawo ko Allah zai sa abin ya bar shi.

Yaya aurensu yake? Akwai lefe?

Babu lefe, 'yan mata ku yi haƙuri. Saurayi sai ya nuna itace uku da ya raina da hannunsa, dangin yarinya su je su auna su da tsawonsa. Ita kuma amarya tana tarewa da ƙoƙon iri daga gidansu, wanda ba mai taɓa shi sai ita, ko aure ya mutu da shi za ta fita. 'Ya'ya suna bin sana'ar uba, amma a wurin bayar da izini gidan uwa suke wakilta. A nan rikicin yake da daɗin rubutawa: ɗan manomi wanda uwarsa 'yar Gidan Bado ce, wata rana shi za a turo ya ce wa mahaifinsa ba za a sare wannan tsamiyar ba.

Idan mutum ya mutu fa?

A binne shi a tudu, ba alama, a dasa ƙwallon kanya ko ɗinya ko magarya a kai. Danginsa ba sa cin 'ya'yan wannan itacen, na baƙi ne da matafiya.

Kamar kin sa sun cika kirki. Ba su da aibi ne?

Suna da shi, har da wanda su kansu ba sa gani. Tsegumi ya yi musu katutu, domin mutanen da ba sa dambe, da baki suke rama. Suna da nawa wajen yanke shawara, abin da za a gama a yini sai ya ci rani guda. Sabon abu kuwa tsoronsa suke, mai kawo sabuwar dabara sai ya tsufa kafin a gwada ta. Kuma suna raina baƙi, duk wanda ba Baraɓe ba suna kiransa mai gatari, ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

Babban aibin shi ne na ƙarfe. Raɓawa ba su da maƙera, domin ƙira sai da gawayi, gawayin ƙira kuma na ƙirya ne, su kuwa ba za su ƙona ƙirya ba. Amma suna noma da fartanya, suna su da ƙugiya, suna yanka da wuƙa. Daga ina? Daga garuruwan kudu suke saye da zuma, inda ake kwantar da dazuzzuka don a hura zuga. Igiyarsu ba ta da ƙullin waɗannan itatuwan. Ranar da ɗan fataken ya faɗa wa Mai Igiya wannan maganar, kun ga yadda aka yi kwana biyu ba a kai masa tuwo da zafi ba.

Daga ina kika samo duk wannan?

Yawanci daga ƙasarmu. Fadamar na gina ta ne a kan dausayin Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar kaka ke ciyar da manoma da masunta da makiyaya, tsuntsaye kuma ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Shekarar da kogi bai kawo ba a labarin, tunaninta ya zo mini ne daga yadda ambaliyar can ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa. Rufe tafki da buɗe shi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san al'adar masunta, ko kogin Matan Fada na Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934 da ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi ya kai Kabi.

Rainon itace kuwa daga manoman Maradi da Damagaram na ɗauko shi. Bayan farin 1973 da na 1984, suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, maimakon su sassabe duka su ƙone. Da wannan aikin hannu, ba da shukar gandun gwamnati ba, aka kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Igiyar bashi da gidaje uku da masu jin ruwa, waɗannan nawa ne.

Zan iya sa Raɓawa a cikin nawa labarin?

Bismillah, muddin za ka faɗi inda ka samo su kuma ba sayarwa za ka yi ba. Sharaɗi biyu nake roƙo. Kada ka ba su sarki ko gimbiya, don na san hannun marubutanmu yana ƙaiƙayin ɗan sarki. Kada kuma ka ƙara musu wani sihiri bayan jin ruwa. Tafkuna tara ne, ni uku kawai na taɓa a labarina, na gabas da biyun tsakiya. Sauran shida da ƙauyukan da ke bakinsu ban sa musu ko suna ba, wanda ya riga ya zaɓa sai ya sanar da ni don kada mutum biyu su gina gari a tudu ɗaya.